Amsa: "tsami" ne ko "sami" a karin maganar ruwa?

Ɗan'uwa, ka ce a kasuwar Garwa, a arewacin Kamaru, kana jin ana cewa "ruwa ba ya sami banza", kana tambaya ko haka karin maganar take. A'a. "Ruwa ba ya tsami banza" ne, wato duk abin da ya canza akwai dalilinsa.

Ga inda ta karkace. Daga Ngaundare har Marwa, wato yankin da Garwa take ciki, Fulatanci ne harshen ciniki, kuma yana da ɓ da ɗ amma ba shi da "ts" da "ƙ". Wanda ya koyi Hausa da girmansa sai ya furta "sami". Kalmar kuma akwai ta a Hausa, don haka kunne ba ya ƙin ta. Yaranmu su ɗauka a bakin abokan wasa, su kawo gida.

Wadda ta fi damuna ita ce "kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski". A rubuce, musamman a WhatsApp, ba a nuna karin sauti, sai yaro ya zaci ladanin masallaci ake nufi. Lada ne, kuɗin aiki: wanzamin da ya karɓi kuɗin ba shi da damar ƙyamar kan da zai aske.

Akwai kuma guntulewa. Dattijo ya ce "komai nisan jifa..." ya yi shiru, don ya san kowa zai ƙarasa da "ƙasa zai faɗo". Yanzu matasa da yawa rabin farkon kaɗai suka taɓa ji. In kana gaban yara, don Allah ka riƙa faɗinta duka.