Amsa: Cessna 172 tana karkata hagu wajen tashi

Ɗan'uwa, ka ce a X-Plane, manhajar kwaikwayon tuƙin jirgin sama a kwamfuta, ƙaramin jirgin Cessna 172 yana janyewa hagu kana tasowa daga filin Diori Hamani na Yamai. Wannan ba lalacewa ba ce, juyin farfela ne ke jawo shi, jirgin gaske ma haka yake yi. Da ka tura mai duka, taka fedar dama (mai juya hancin jirgi dama) a hankali, ko ka murɗa sandar tuƙi dama idan ba ka da feda. Gudu ya kai not 55 (not shi ne ma'aunin gudun jirgi), ɗaga hanci.

In kuwa yana karkata ko a tsakiyar tafiya, buɗe joy.cpl, shafin gwada sandar tuƙi a Windows. Alamar da ke nuna motsin sandar tana rawa ba ka taɓa sandar ba? Mai yiwuwa ƙurar hunturu ce ta shiga cikin sandar. Cire wayar sandar daga kwamfuta, goge inda ƙurar ta shiga da isopropyl (sinadarin goge kayan lantarki), sannan ka sake daidaita sandar a X-Plane.