Kanumfari da tafarnuwa kan farin da ke lulluɓe harshe

Malama, kin tambaya ko kanumfari da tafarnuwa za su kawar da farin da ya lulluɓe miki harshe bayan kin sha maganin kashe ƙwayoyin cuta. Galibi wata ƙwaya ce dangin funfuna, Candida albicans, take haddasa shi. Gaskiya ne sinadaran tsiran nan biyu suna hana ta yaɗuwa a ɗakin gwaji, amma ba a tabbatar sun kai nystatin, maganin da likitoci ke bayarwa don wannan cuta, aiki a bakin mutum ba. Kada ki danna ɗanyar tafarnuwa a kan dasashi, domin tana ƙona wurin har ya saluɓe, kuma kada ki kankare farin, jini zai fito. Idan haɗiya tana miki zafi, ko farin yana dawowa, ki je asibiti a auna miki suga da ƙanjamau.