Kwabon Sarauniya Biktoriya da aka rubuta wa "Fine"

Tambaya: Salam Malam. Na fara tara tsofaffin kuɗin Ingila, sai na ga wani kwabo a kasuwar intanet ta eBay an rubuta "Victoria, Bun Head, 1862, Fine". Tunda sun ce fine ai lafiyayye ne ko? In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, dakata tukuna kar ka yi saurin tura kuɗi. A bakin dillalan Ingila "Fine" ba yabo ba ne, kwabo ne da ya sha hannu har gashin sarauniya ya fara shafewa, rubutun dai yana karantuwa shi ke nan. Sama da shi a matakan kyan kwabo akwai VF (Very Fine, ya ɗan sha hannu), sai EF (Extremely Fine, kusan sabo), sai UNC (Uncirculated) wanda bai taɓa yawo a kasuwa ba, kuma daga Fine zuwa EF farashi kan ninka sau da yawa alhali kwabo ɗaya ne shekara ɗaya. Na 1862 ɗin nan an buga shi da yawa, tsufa kaɗai ba ya sa shi tsada.

"Bun Head" kuwa hoton da ta tufke gashinta dunƙule a ƙeya ne, shi ke kan kwabon tagulla daga 1860 har 1894, wato matar ta haura saba'in amma a kwabo tana nan da tufkarta, ikon Allah. A azurfa da zinariya an sauya mata hoto a 1887, wanda ake kira Jubilee saboda bikin cikarta shekara hamsin a kan mulki, da wani ɗan ƙaramin kambi a ka kamar zai faɗo, mutane suka yi ta tsiya har aka kawo na tsufa mai lulluɓi a 1893, kwabo bai samu wannan ba sai 1895. To duk wanda ya nuna maka kwabon tagulla mai kan Jubilee, kama gabanka, don ba a taɓa buga irinsa ba. Wannan naka in yana da araha saya ka koyi kallo da shi, amma ka ce a turo maka hoton gaba da baya.

Tambaya: Kakata ta bar sulalla da fataka masu kan Sarki Joji, azurfa ne?

Amsa: Allah ya jiƙanta, Hajiya. In na Ingila ne duba shekara: kafin 1920 azurfa ce kashi 92.5, daga 1920 zuwa 1946 rabi ce, daga 1947 babu ko ɗigo. In kin ga "British West Africa" a jiki, namu ne na nan, lissafinsu daban. Don Allah kar a goge su da toka ko lemon tsami, dillali na ganin an goge zai karya farashi.