Mun rabu da matata an hana ni ganin 'ya'yana, kotu za ta raba mana riƙo daidai?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ni manomi ne a wani ƙauye ta wajen Ringim, mun rabu da matata bara da kaka, yaranmu biyu namiji ɗan shekara 6 da mace 'yar shekara 3 suna hannunta a gidan iyayenta can wajen Taura. Ina aika hatsi da kuɗin cefane amma duk sanda na je sai surukaina su ce yaran ba sa nan. Na ji a rediyo wai a ƙasashen Turawa raba kwanakin ake daidai, mako wajen uwa mako wajen uba. Zan iya neman haka a kotu?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya raya maka su. Abin da ka ji gaskiya ne, a Beljiyam tun 2006 doka ta ce alƙali ya fara duba rabon daidai idan ɗaya daga cikin iyayen ya nema, jihar Kentaki ta Amurka ma ta yi irin tata a 2018. Toh amma kai kotun shari'ar Musulunci za ka je, ita kuma da fiƙihun Malikiyya take aiki, kuma a Risala a fili yake cewa bayan saki riƙo na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Don haka in ka shiga ka ce a tilasta mata mako-mako da wuya alƙali ya ba ka, gara ka sani tun yanzu kar ka ɓata kuɗin mota.

Sai dai riƙo daban, hana uba ɗansa daban, kuma nan ne mutanenmu suke cakuɗa abin. Malaman Malikiyya da kansu sun ce uba yana da damar ya riƙa duba ɗansa a wajen mai riƙo, ya yi masa tarbiyya, ya sa shi makaranta, kwana ne kawai yaron zai yi wajen uwarsa. Ga kuma aya ta 233 a Suratul Baƙara, ta hana a cutar da uwa saboda ɗanta, ta hana a cutar da uba saboda ɗansa, duk a jimla ɗaya. Abin da surukanka suke yi maka cutarwa ce, ba ta da gurbi a shari'a.

Ni wallahi abin nan yana ci min rai, domin kullum shi muke gani kuma ta kowane ɓangare, hasali ma a ƙauyukanmu mata sun fi shan wannan wuyar, da an yaye yaro sai uba ya aiko a ɗauke shi a miƙa wa kishiya ko kaka wai ai ɗa na uba ne, uwa ta shekara ba ta sa shi a ido ba, in ta yi magana a ce ta cika fitina. Inda kuma dangin mace suka fi ƙarfi sai a yi wa uba irin abin da ake yi maka. Yaron da ya tashi a haka sai ka ga yana jin kunyar ambaton sunan ɗaya daga iyayensa a gidan da yake zaune, alhali duk suna raye.

Shi ya sa nake cikin masu neman a gyara dokar iyali. A 2017 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya taso da maganar, aka yi ta ce-ce-ku-ce kan ƙarin aure aka manta da sashen yara. Jigawa ta sa hannu a dokar kare yara a 2021, Kano a 2023, to mataki na gaba a ganina shi ne duk sakin da akwai 'ya'ya a tsakani a rubuta tsarinsu a gaban alƙali, wa zai riƙe, nawa ne ciyarwa, wace rana ɗayan zai gan su, kuma wanda ya saɓa a hukunta shi ko uba ne ko uwa. Ba lallai sai mako-mako ba, ɗan firamare ba zai yi mako a Ringim mako a Taura ya yi karatun kirki ba, amma dole kowane ɗayanku ya sami rabo mai tsoka wanda ba sai ya roƙa ba.

Yanzu ga abin yi. Kar ka daina aika ciyarwa don fushi, wajibinka ne ko an nuna maka su ko ba a nuna ba, kuma shi ne ƙarfinka a kotu, sai dai daga yau ka riƙa bayarwa gaban shaidu biyu ko ka tura ta waya ka ajiye saƙon. Kar kuma ka tare yaran a hanya ka ɗauke su, da ka yi haka ka zama kai ne mai laifi. Ka samu babanka ko yayanka ku je wajen waliyyin uwar yaran tare da liman ko mai unguwarsu, in ya ƙi ci a kai wa dagaci ko Hisba. A sulhu kuna iya yarda da abin da alƙali ba zai tilasta ba, misali babban ya riƙa yin hutun makaranta a wajenka, sallah ƙarama nan babba can, 'yar macen kuma ka riƙa zuwa ka wuni da ita har ta ƙara wayo. A rubuta, kowa ya sa hannu.

In sulhu ya gagara ka shigar da ƙara, amma kar ka tsaya a kan "a bar ni in riƙa ganinsu", irin wannan hukuncin ba ya hana a ce maka ba sa nan. Ka roƙi alƙali ya faɗi rana da wuri da wanda zai miƙo yaran, ka karɓi kwafin hukuncin ka riƙe.

Sannan ka lallaɓa surukarka fa, domin in tsohuwar matarka ta yi aure ta tare da wanda ba muharramin yaran ba, riƙon ba kanka zai faɗo kai tsaye ba, a jerin Malikiyya mahaifiyarta ce a gaba, wato dai gidan da kake zuwa yanzu.