Me ya sa ba a rubuta sunan marini a ƙasan hotonsa?

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa tsofaffin hotunan Kano ke ɗauke da sunan sarki da na hakimi, amma marini ko maƙeri sai dai a rubuta sana'arsa kawai.

Duba yadda ake ɗaukarsu. Basarake yana zaune ko yana bisa doki, da rawani da alkyabba, ya fuskanci mai ɗauka. Marinin Ƙofar Mata kuwa a sunkuye yake bakin karofi, hannu duk baba, idonsa na kan zane. Turawan da suka buga waɗannan hotuna aikin suke son nuna wa mutanensu, shi mai aikin bai dame su ba.

Mu ma da laifinmu, kuma abin yana ci mini tuwo a ƙwarya. Har yau akwai gidajen da ke jan ƙafa wajen ba mahauci ko wanzami aure, alhali Sarkin Fawa da Sarkin Aska da Sarkin Maƙera sarautu ne da fada ta san da su.

Zaro naira 20 ka juya ta. Gaba Janar Murtala ne, baya kuma Ladi Kwali tana ginin tukunya. Ita ma a bakin aiki aka nuna ta, amma an rubuta sunanta.