Me Ya Sa Ledar Fiffiken Jirgina Take Yamutsewa?

Tambaya: Na haɗa ƙaramin jirgin sama mai rimot da katakon balsa mara nauyi, na rufe fiffiken da ledar da ake mannawa da dutsen guga. Da na ƙara wuta don ta miƙe, sai bakinta ya ɗaɗɗago, fiffiken ma ya ɗan murɗe. Ina gyaran yake?

Amsa: Malam, wuta ɗaya ka yi aiki biyu da ita. Ledar nan tana da gam a bayanta wanda zafi ke narkarwa, kuma zafin da ke manna ta daban yake da wanda ke tsuke ta. Irin ledar da ake kira Oracover, wadda aka sani da sunan UltraCote a Amurka, tana kamawa a wajen digiri 90 zuwa 100 na ma'aunin Salshiyas, ba ta fara tsukewa sai kusan 150. Wata irin ledar, MonoKote, ta fi ta son wuta. In ka fara da zafi mai yawa, za ta tsuke tun ba ta kama katako ba, ta ja bakinta ta tafi.

Tun farko ka goge katakon da samfefa mai lamba 320 ko 400, ka share ƙurar tas, domin gam ba ya kama ƙura. Ka yanko ledar da rarar santimita 5 a kowane gefe, a ƙarshen fiffike ma fiye da haka, don ka sami abin riƙewa. Kada ka manta da ɓare abin da ke lulluɓe da gam ɗin.

Ƙasan fiffike ake fara rufewa. Da ƙaramar wuta, ka ɗan ɗosa dutsen a tsakiyar gindin fiffiken, ka ja ledar da hannu zuwa ƙarshensa ka ɗosa, sannan kusurwoyi. A nan yawancin mutane ke sakaci. Tsukewar leda tana da iyaka, yamutsin da hannu bai cire ba da wuya wuta ta cire shi. Bayan haka ka manne baki gaba ɗaya, ka yanke rarar da sabuwar reza. Ta sama ta hau kan ta ƙasa da kamar milimita 6, bakin haɗin yana kallon baya, kada iska ta shiga ƙarƙashinsa.

Murɗewar kuwa daga tsuke gefe ɗaya ta zo. Sai an rufe sama da ƙasa ake ƙara wuta, kaɗan nan kaɗan can, kana nesa da bakin haɗi. Naka zai gyaru: wani ya riƙe shi ya murɗa zuwa ɗaya ɓangaren, kai ka bi yamutsin da ya fito da zafi, a riƙe har ya huce.

Inda ledar ta kwanta a kan katako zalla babu rami, iska kan maƙale ta yi ƙulli. Huda shi da allura ka danne. Ka kuma sa wa dutsen safar auduga don kada ya karce ledar.