Tambaya da Amsa: Na gyara izinin fayil ɗaya, wani daban ya canza

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ne mai kula da sabar Linux ta wata makaranta a Aboabo, nan Kumasi, kuma da Ansible, wato manhajar da ke aiwatar da saituna a kan saba da kanta, nake daidaita izinin fayiloli. Na umarce shi ya sa izinin 644 (mai fayil ya karanta ya rubuta, saura su karanta kawai) a kan wani fayil da ke foldar manhajar makarantar, sai na tarar izinin wani fayil daban da ke /etc, foldar saitunan tsarin, ne ya canza. Ina kuskuren yake?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Dukkan alamu sun nuna cewa abin da ka ɗauka fayil ne simlink ne, wato suna kawai mai nuni zuwa wani fayil a wani wuri. Idan ka duba shi da umarnin ls -l za ka ga harafin l a farkon layin da kibiya a ƙarshensa. A Linux izinin simlink kullum 777 (cikakken izini ga kowa) yake nunawa kuma ba a aiki da shi, saboda haka chmod, umarnin canza izini, yakan wuce shi ya sauka a kan fayil ɗin da yake nunawa. Haka chown, umarnin canza mai fayil, ma yake yi, sai idan an haɗa masa -h. Shi kuwa Ansible, tun daga siga ta 2.5 da ta fito a 2018, sashensa na file yana bin simlink da kansa matuƙar ba ka rubuta follow: false ba.

Abin da ya fi damuna a tambayarka shi ne wanda ya ajiye simlink ɗin. Ansible yana aiki da ikon root, wato asusun da ke da iko a kan komai, alhali manhajar tana iya rubutu a foldar. Duk wanda ya kutsa cikin manhajar zai iya goge fayil ɗin ya maye gurbinsa da simlink mai nuni zuwa /etc/shadow, inda ake ajiye kalmomin sirri a rufe, sannan ya zauna ya jira root ya buɗe wa kowa shi da hannunsa.

Kada ka dogara da fs.protected_symlinks, saitin kariya daga irin wannan simlink, da ya shigo Linux 3.6 a 2012, domin foldoji irin /tmp kaɗai yake karewa. Dubawa kafin canzawa ma ba ta wadatar ba, tunda ana iya musanya fayil ɗin tsakanin dubawar da canzawar. Ka sa follow: false, ka mayar da foldar mallakin root, abin da dole manhajar ta rubuta kuwa, asusunta ya gyara izininsa da kansa. Kafin komai, yau ɗin nan ka mayar da izinin fayil ɗin /etc yadda yake a da.